Idan kyanwa ta ƙi cin abinci: abin da ya kamata a zuba mata da yadda ake lallashinta

A gidaje da yawa, idan kyanwa ta shinshina kwano ta kau da kai, abin da za ka ji shi ne, "Rabu da ita, samun wuri ne, yunwa za ta koya mata hankali." Wannan magana ta yi sanadin mutuwar kyanwoyi masu yawa. Kare kan yi kwanaki bai ci ba ya miƙe garau, amma jikin kyanwa ba haka aka gina shi ba. Da zarar ta daina ci, jikinta zai fara kwaso kitsen da ya tara yana tura wa hanta don a mayar da shi kuzari. Hantar kyanwa kuwa ba ta da saurin wannan aiki, sai kitsen ya cushe ta. A cikin 'yan kwanaki, wani lokaci ko mako ba a cika ba, hantar ta soma gazawa, zuciyar kyanwar ta riƙa tashi, ta ƙara ƙyamar abinci. Wadda ta fi ƙiba, wadda ake cewa ai tana da ajiya a jiki, ita ce ta fi shiga haɗari.

Saboda haka ba a yin gasar taurin kai da kyanwa. Sau da yawa kuma asalin matsalar tana cikin abin da aka saba zuba mata tun tana lafiya, don haka daga can zan faro.

Abin da cikinta yake nema

Buɗe bakin kyanwa ka duba. Ba ta da haƙoran niƙa masu faɗi irin na akuya ko namu. Nata na yanka ne da yaga. Hanjinta gajere ne. Akwai abubuwan da jikin mutum da na kare suke iya ƙera wa kansu daga tsirrai, ita kuwa sai ta same su kai tsaye daga nama. Bitamin A na cikinsu: ba ta iya fitar da shi daga karas ko manja yadda muke yi. Babbansu shi ne wani sinadari mai suna taurin (taurine da Turanci), wanda ake samu a tsoka, musamman a zuciya. Idan ta daɗe ba ta samunsa, ganinta yana dusashewa a hankali har ta makance, makantar da ba ta warkewa. A 1987 wasu likitocin dabbobi a Jami'ar Kaliforniya da ke garin Davis a Amurka, ƙarƙashin Paul Pion, suka gano cewa ƙarancin taurin ne ke sa zuciyar kyanwa ta saki ta kasa harba jini. Bayan wannan ne kamfanoni suka ƙara yawansa a abincin da suke yi. A 2005 kuma masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya suka nuna cewa harshen kyanwa ba ya jin zaƙi sam. In ka ga tana lasar fura ko kunun gyaɗa, maiƙon da nonon take bi.

Ragowar tuwo da miya ba abincinta ba ne. Za ta lashe maiƙon ta bar tuwon, kuma abin da ta lasa ɗin shi ne ya fi illa, domin miyarmu ba ta rasa albasa, tafarnuwa, gishiri, ɗunƙule da barkono. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu ko garinsu, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Ba a ganin illar nan take. A hankali take ramewa, dasashinta ya yi fari. Haka tsire, kilishi, balangu da dambun nama: nama ne, amma yajin da ke jiki ya hana.

Wani zai ce, to kyanwoyin kakanninmu me suka ci? Sun ci ɓeraye a gindin rumbu, ƙadangaru, fara da tsuntsaye. Ɓera guda cikakken abinci ne: tsoka, ƙashi, kayan ciki, ga ruwa kusan kashi 70 cikin 100 na jikinsa. Kyanwar da ke dogaro da farauta takan buƙaci kamar ɓeraye takwas zuwa goma a yini, shi ya sa ɗabi'arta ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Tuwon da ake jefa mata ƙari ne kawai. Wadda aka kulle a gidan siminti, ba rumbu ba ciyawa, duk abin da ɓera ke ba ta ya koma wuyan mai ita. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba, sananne ne a wurinmu.

Idan abincin kanti za ka saya

Iri biyu ne: busasshe mai ƙananan ƙwayoyi, da jiƙaƙƙe na gwangwani ko na 'yar leda. Busasshen ya fi araha kuma ya fi jure zafi, amma ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Jiƙaƙƙen ruwansa kashi 70 zuwa 80 ne, ƙamshinsa ya fi tashi. Kyanwa asalinta dabbar busassun ƙasashe ce, ba ta da yawan jin ƙishi, kuma a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, wadda ba ta cin komai sai busasshe tana zama cikin ƙarancin ruwa ba a sani ba. A ganina haɗawa ya fi: busasshe da rana, jiƙaƙƙe ko dafaffen nama da romonsa safe da yamma.

Kada hoton jikin buhu ya ɗauke maka hankali, juya bayansa ka karanta. Abu na farko, nemi kalmar "complete", ko "aliment complet" a kayan da ke shigowa Nijar da Kamaru da rubutun Faransanci. Ma'anarta, ko shi kaɗai kyanwa ta ci ya wadatar. In ka ga "complementary", na marmari ne, ba a rayuwa a kansa. Nagartattu sukan rubuta cewa sun cika ƙa'idar AAFCO ta Amurka ko FEDIAF ta Turai, ƙungiyoyin da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi. A ƙa'idar AAFCO, furotin ba zai gaza kashi 26 cikin 100 ba ga babbar kyanwa, 30 ga 'ya'ya da mai ciki da mai shayarwa, idan an cire ruwa daga lissafi. Kada ka tsorata in ka ga 8 ko 10 a jikin gwangwani. Ruwan ciki ne ya rage adadin.

Na biyu, jerin kayan haɗi. Ana jera su ne daga mafi nauyi, don haka kaza, kifi ko naman sa ya kamata ya zo a gaba, masara da alkama su biyo baya. Na uku, shekaru: na 'ya'ya daban har su cika shekara, na manya daban. Na huɗu, ranar lalacewa. Whiskas, Friskies, Royal Canin da makamantansu ana samunsu a manyan kantuna, amma sunan kamfani ba ya gyara buhun da ya sha watanni a rana.

Kada ka sayi wanda aka farke buhu ana aunawa a farar leda, ba suna ba kwanan wata. Kitsen da aka fesa a jikin ƙwayoyin shi ne ke jan kyanwa, kuma da iska da zafi sun taɓa shi sai ya koma warin tsohon mai. Hancinta zai ji tun kafin naka. Kyanwoyi da yawa da ake cewa sun daina ci, buhun ne ya tsufa. Sayi ƙaramin da zai ƙare cikin wata guda ko mako shida, ka naɗe bakinsa, ka sa shi cikin bokiti mai murfi a wuri mai sanyi. Da damina ka riƙa dubawa. In ka ga hunhuna ko ƙwayoyin sun yi laushi, zubar da shi duka. Abincin kare kuwa ba ya maye gurbin nata, furotin da taurin ɗinsa ba su kai ba.

Kyanwa mai nauyin kilo 4 tana buƙatar kalori 200 zuwa 250 a yini. A busasshe wannan ya kama giram 55 zuwa 65, ƙasa kaɗan da cikin ƙaramin gwangwanin madara. A jiƙaƙƙe, kamar leda uku masu giram 85. Yawancin namu na gida ba su kai kilo 4 ba, sai a rage. Mai shayarwa kuma takan ci ninki biyu ko uku, kada a auna mata.

Idan a gida za ka dafa

Kuɗin abincin kanti ya fi ƙarfin mutane da yawa, kuma babu laifi a dafa, muddin an san inda ramin yake. Ramin shi ne tsoka zalla. Nama ba ƙashi ba shi da kalsiyam, kuma ɗan kyanwar da aka raina da shi kaɗai ƙasusuwansa kan yi laushi, ya riƙa ɗingishi, wani ma ya karye daga ɗan tsalle. Hanta kullum kuma tana tara bitamin A fiye da kima, ƙashin wuya da na baya su sanƙare. Mahauta suna yawan jefa wa kyanwa hanta don tana so, to so ɗin ba hujja ba ne.

Ga haɗin da nake yi na kilo ɗaya: giram 800 na cinyar kaza ko jan nama, giram 150 na zuciya, ta kaza ko ta rago ko ta sa, da giram 50 na hanta. A tafasa da ruwa kaɗan, ba gishiri ba komai. Kada a zubar da romon, domin taurin yana narkewa ya koma cikinsa. A cire ƙashi duka, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki maƙogwaro ko hanji. A madadin ƙashin, a wanke ɓawon ƙwai, a tafasa, a shanya, a daka ya yi laushi kamar gari, a zuba ƙaramin cokali ɗaya. A raba gida-gida, na kwana biyu a firji, sauran a daskare. Inda wuta ba ta zama, gara a dafa na yini ɗaya kawai. Wannan haɗin ya fi ragowar tuwo nesa ba kusa ba, amma bai kai cikakken abincin kanti daidaito ba. Ka haɗa su rabi da rabi, ko ka nuna wa likitan dabbobi ya faɗa maka abin da za a ƙara.

Kifi sau biyu a mako ya isa, dafaffe, an tsince ƙaya. Wasu kifayen in an ci su ɗanyu suna lalata bitamin B1 a jiki, har kyanwa ta riƙa tangaɗi tana sanƙarewa. Dafaffen ƙwai yana da kyau jefi-jefi. Madara da nono kuwa, yawancin kyanwoyi bayan yaye ba sa iya narkar da sukarin da ke ciki, gudawa ce ke biyo baya. Da Babbar Sallah a kula: kitse da kayan ciki da ake ta jefa mata kwana uku a jere sukan ɓata mata ciki, daga nan ta ƙi komai.

Mataki na farko: tabbatar, sannan ka ƙirga awoyi

Kyanwar da ke fita waje mai yiwuwa a maƙwabta take ci, ko ta kama wani abu. Sa ta a ɗaki ɗaya mai iska, da ruwa, da kwanon yashi na fitsari da bahaya, da abincin da ka auna, ka ga abin da ya ragu. A nan kuma za ka ga fitsarinta da bahayarta, waɗanda likita zai tambaye ka.

Babbar kyanwa in ta cika awa 24 ba ta sa komai a baki ba, a nemi likita. In tana ci amma bai kai rabin abin da ta saba ba har kwana uku, haka nan. Ɗan da bai kai wata shida ba, awa 12 ne iyaka. Jinjirin da bai cika wata biyu ba, ko awa 12 ɗin ba a jira, domin sukarin jininsa na saurin faɗuwa. In ya yi laushi, shafa masa ɗan zuma ko ruwan sukari a dasashi, ka ɗumama shi a jikinka, ku kama hanya.

Akwai raguwar ci da ba ta da tayar da hankali: macen da ke neman barbara, muzurun da ke bin ta, mai cikin da haihuwarta ta rage yini guda (cikinsu kwana 63 zuwa 65 ne), wadda aka yi wa rigakafi jiya, da kuma tsakar ranar bazara, inda takan bari sai dare ta ci.

Mataki na biyu: duba ta daga hanci zuwa wutsiya

A nan ya kamata a daɗe. Ajiye mata abinci ka zauna ka kalla, domin yadda ta ƙi shi yana faɗin abubuwa da yawa.

In ta taho da sauri, ta ɗauka, ta saki, ko tana tauna da gefe ɗaya, ko tana kai ƙafa baki, to tana so ne ta kasa. Matsalar a baki take: ruɓaɓɓen haƙori, kumburin dasashi, gyambo a harshe, ko ƙayar kifi da ta maƙale a ganɗa. In ta shinshina ta ja da baya tana lasar leɓe, tana haɗiyar yawu ko dalala, tashin zuciya ne. In ko kallon kwanon ba ta yi ba, ta shige ƙarƙashin gado ta duƙunƙune, zazzaɓi ne ko ciwo a wani wuri. Zafin jikinta na lafiya digiri 38 zuwa 39.2 ne.

Ɗaga leɓenta. Dasashi mai lafiya ja-ja ne mai haske, da danshi. Fari alamar ƙarancin jini ce, daga ƙuma, tsutsar ciki ko albasa. Rawaya, a dasashi ko farin ido ko cikin kunne, shawara ce, hanta ta taɓu. In ya bushe yana kama yatsa, ruwan jikinta ya yi ƙasa. Ja fatar da ke tsakanin kafaɗunta ka saki: in ta koma nan take lafiya, in ta tsaya ko ta koma a hankali, tana buƙatar ƙarin ruwa a asibiti. Shafa jikinta ko'ina; cizon faɗan muzurai yakan rufe a sama ya tara mugunya a ciki. Duba ƙarƙashin wutsiya, in ka ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa, tsila ce.

Tsohuwar da ta haura shekara bakwai, tana shan ruwa da yawa, tana yawan fitsari, tana ramewa, a fara zargin ƙoda. Gwajin jini da na fitsari ne ke tabbatarwa.

Mataki na uku: abubuwan da ba a kwana da su

Muzurun da ke yawan tsugunawa yana nishi ba fitsari, mafitsararsa ta toshe, kuma hakan na kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Mutane kan ɗauka bahaya ce ta ƙi fita. Amai a kai a kai, numfashi da baki a buɗe, shawara, jini a bahaya, karkarwa da dalala bayan an yi feshin ƙwari ko an sa maganin ɓera a gida ko a maƙwabta, duk na gaggawa ne. A gidan da ake ɗinki ko saƙa, duba ƙarƙashin harshenta: zare kan naɗe a can, sauran ya wuce hanji. In ka ga zare a baki ko a dubura, kada ka ja, yana iya yanka hanjin.

Mataki na huɗu: gyara wurin cin

In ba ka ga ko ɗaya daga waɗannan ba, kuma awoyin ba su cika ba, sai lallashi. Tambayi kanka me ya sauya. Ƙaura, baƙin biki, sabon jariri, sabuwar kyanwa, ko tafiyar wanda ta shaƙu da shi, kowanne na iya hana ta ci. Kai kwanon lungu mai shiru, nesa da janareta da guje-gujen yara, inda za ta ci tana ganin ƙofa. In kyanwoyin sun fi ɗaya, kowace da nata kwanon a wuri daban. Wata da kallo kawai take korar 'yar'uwarta.

Raba abinci da kwanon yashi, ka kuma raba shi da ruwa. Yi amfani da faranti mai faɗi na tangaran ko na silba, domin roba tana riƙe wari, kuma wasu ba sa son kwano mai zurfi da ke goge musu gashin baki. A ɗauraye sabulu sosai. Kada a wanke kwanonta ko wurin cinta da Dettol ko Izal. Sinadaran da ke cikinsu guba ne gare ta. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su ma a nisanta su da wurin. In kiyashi ne ke damu, ɗora farantin cikin tire mai ɗan ruwa. Jiƙaƙƙen abinci a lokacin zafi kada ya wuce minti talatin a ƙasa.

Mataki na biyar: bi ta hancinta

Kyanwa da hanci take fara cin abinci. Ƙwayoyin ɗanɗano a harshenta ba su kai 500 ba, namu kuwa dubbai ne. Abin da ba ta ji ƙamshinsa ba, ba abinci ba ne a wurinta.

Ɗumama shi ya kai ɗumin jiki, yadda in ka ɗiga a bayan hannu ba za ka ji zafi ko sanyi ba. Wanda aka ciro daga firji ba ya ƙamshi. In busasshe ne, yayyafa masa romon kaza mai ɗumi wanda ba a sa wa komai ba. Gwada dafaffiyar kaza da aka yaga sili-sili, ko ɗan kifin gwangwani marar tumatir da yaji, an tsane man, ko ɗan garin busasshen kifi marar gishiri a barbaɗa a sama. Cokali ɗaya kawai za ka zuba. Tulin abinci na ƙara wa mai tashin zuciya ƙyama. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. In bayan minti goma sha biyar ba ta taɓa ba, ɗauke, ka dawo bayan awa biyu da wani. Gwada da asuba da bayan magariba, lokutan da ta saba farauta.

Zauna kusa da ita a ƙasa, ka shafa ta, ka yi mata magana a hankali. Lakato kaɗan a yatsa ka kai bakinta, ko ka shafa ɗan mitsitsi a leɓenta ko a ƙafarta ta gaba. Za ta lashe don tsabta, kuma sau da yawa lasar farko ce ke buɗe ta biyu. Wata kuma ba ta ci sai an bar ta ita kaɗai. Kai ka san taka.

Wani hunturu tawa ta yini ba ta ci ba, tana atishawa, majina ta bushe ta toshe mata hanci, idanu na ruwa. Murar kyanwa ce, wadda ƙwayoyin cuta ke kawowa, ƙurar hunturu kuma ta ƙara tsananta ta. Na jiƙa auduga da ruwan ɗumi na goge hancin har ɓawon ya fita. Na sa ta cikin kwando mai murfi, na ajiye kwanon ruwan zafi a gefe inda ba za ta kai ba, na lulluɓe su da zane minti goma. Ba a sa man zafi ko wani abu a ruwan, tururin kawai ake so. Da ta fito na miƙa mata kaza mai ɗumi a yatsa, ta lasa sau uku. Washegari duk da haka na kai ta asibiti, aka ga gyambo a harshenta, aka ba ta magani.

Mataki na shida: ɗura, da abin da ba a bayarwa

Ɗura da sirinji marar allura ba abin farawa ba ne, kuma gara likita ya nuna maka. A niƙa abincin ya yi ruwa-ruwa, a naɗe ta da tawul tana zaune a kan ƙafafunta, kanta a miƙe ba a ɗage ba. A sa bakin sirinjin ta gefe, bayan dogon haƙori, a matsa mililita ɗaya, a jira ta haɗiye. Ba a kwantar da ita rigingine, ba a ɗura wa mai amai ko wadda ta galabaita, domin abincin na iya faɗawa huhu. In tana fizge-fizge tana tofarwa, tsaya. Kyanwa kan haɗa wahalar da ta sha da abincin da aka ba ta a lokacin, ta ƙi shi har bayan ta warke.

Kada ka ba ta farasitamol, ko Panadol ko wani sunansa. Hantarta ba ta da abin sarrafa shi. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 na iya kashe ta, fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa. Ibufurofen da dangoginsa suna lalata mata ƙoda. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin yana sa ta farfaɗiya. Ruwan maganin ƙara ƙiba da ake sayarwa a kemis shi ma kada ka ɗura mata: an auna shi ne don mutum, kuma ko ya sa ta ci, ya rufe ciwon ne kawai.

A wurin likita, da bayan an dawo

Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi, akwai kuma na gwamnatocin jihohi da masu zaman kansu a manyan birane. Tambayi wanda ya saba duba kyanwa, don aikin wasu ya fi karkata ga shanu da kaji. Ɗauke ta a kwando mai murfi, ba a buhu ba. Tafi da bayanin ranar da ta ci na ƙarshe, abin da ta saba ci, amai ko gudawa, duk maganin da aka ba ta ko aka fesa a gida, da ranar da aka yi mata rigakafi da maganin tsutsa. Babbar da ke farauta, duk wata uku ya kamata a ba ta na tsutsa.

Likita na iya yi mata ƙarin ruwa, ya ba ta maganin tashin zuciya da na ciwo, sannan na buɗe ciki irin su mirtazafin, wanda tun 2018 akwai na shafawa a cikin kunne. Akwai abincin gwangwani na masu jinya, kamar Hill's a/d da Royal Canin Recovery, mai laushi da kuzari mai yawa a cokali kaɗan. In ya ce sai an sa mata siririn bututu ta hanci ko ta wuya, kada ka firgita. Yawancin masu cushewar hanta ta haka suke tashi.

Wadda ta yi kwanaki ba ta ci ba, ba a cika mata ciki lokaci ɗaya. Ranar farko kashi ɗaya cikin uku na abin da take buƙata, ta biyu kashi biyu, ta uku cikakke, kowanne a raba sau biyar ko shida. In ta saba da kazar jinya ta ƙi komawa abincinta, ko kana son sauya mata wani, bi a hankali cikin kwana bakwai zuwa goma: sabon ya zama rubu'i na kwana uku, rabi na kwana uku, sannan kashi uku cikin huɗu. In ta tsaya, koma matakin baya. Ruwa kuma, kamar mililita 50 ga kowane kilo na nauyinta a yini, har da wanda ke cikin abinci. Ajiye kwanuka biyu ko uku a wurare daban, ƙaramar tukunyar ƙasa ta fi riƙe sanyi.

Duk mako ka hau sikeli da ita a hannu, ka sake hawa kai kaɗai, ka cire, ka rubuta. Gashi yana ɓoye rama. Kyanwa mai kilo 3 da ta rasa giram 300 ta rasa kashi ɗaya cikin goma na jikinta, kuma wannan ya isa a koma wurin likita ko da kwanon yana ƙarewa.